Rigar Kwabo

Duk ranar Asabar, da ƙarfe huɗu ta yi, Mai Agogo yakan sauke ƙofar shagonsa zuwa rabi, ya ture teburin gyara jikin bango, ya shimfiɗa wani koren ƙyalle a kan akwatin katako. Daga nan ciniki ya ƙare. Ko agogon gwal ka kawo, sai dai ka dawo Litinin. Mutum huɗu ne ke zama a ɗan ɗakin, gwiwa na gugar gwiwa, agogo wajen talatin na ƙas-ƙas a kansu, kowanne da nasa lokacin. Abin da ya tara su tsofaffin sulalla ne, irin waɗanda ba sa sayen ko allura a kasuwa: kwabbai masu huji, na ƙasashen da suka canja suna, masu hoton sarakunan da jikokinsu ma sun mutu.

Baba Akawu ne babba. Shekara talatin da biyar ya yi a bayan kantar gidan waya, a nan ya fara tsince baƙin kwabbai daga cikin canjin matafiya. Yana da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, bakinsa na tagulla, a ɗaure da igiyar takalmi. Ido suke ce masa. In an ɗora kwabo a kan ƙyalle, Baba ne ke fara dubawa, sai ya miƙa idon ga wanda ke damansa, daga nan ya zagaya kan Mai Agogo da Ticha, wani tsohon malamin lissafi da ba ya rabo da musu. Shekara shida ke nan Mai Makulli ne a daman Baba.

Ba a banza ya samu wurin ba. Yana da wani ƙaton littafin sulalla da bangonsa ya cire, ya haddace rabinsa a tsakanin yankan makulli da yankan makulli. Ka nuna masa gefen kwabo kawai, zai faɗa maka shekarar da aka buga shi. Shi ke ɗaukar wa Baba jaka, shi ke raka shi bakin titi ya hau mota. Bai taɓa fashi ba, har ranar da matarsa ta haihu sai da ya leƙo.

Dokokin wurin ba a rubuce suke ba. Ba a kama kwabo ta fuska, sai ta gefe. Ba a ɗora kofin shayi a kan ƙyalle. Ba a tambayar mutum nawa ya saya. Kuma ba a goge tsohon kwabo. Duhun nan da shekaru suka shafa masa shi suke kira riga, in ta fita kuwa ta fita ke nan, sai bayan wata shekara ɗari. Wannan ta ƙarshe ba wanda ya taɓa gaya wa Mai Makulli. A shafi na uku na littafinsa ya karanta ta, tun kafin ya taka ƙofar shagon.

Da hannunsa ya kawo wa kansa abin da ya dame shi.

Wata safiya matarsa ta ce, "Baban yara, don Allah ka riƙa tafiya da Auta wajen tsofaffin nan naka. Tunda ƙafar nan ta karye yake zaune mini a falo yana canja tasha."

"Ba wasan yara muke yi a can ba."

"Yaron da ya ba wa talatin da biyar baya? Ai shi ma yana da irin tarkacenku, gwangwanin madara guda."

Auta ƙaninta ne, direban babbar mota, wanda ya zame daga saman kaya ya karya ƙafa. Mai Makulli ya zazzage gwangwanin ya duba, bai ga ko ɗaya da ya kai a saka a littafi ba. Ya yi murmushi. A ransa ya ce bari a je, Ticha zai yi masa wankin babban bargo sau ɗaya, ya huta da naci.

Ba haka aka yi ba.

Da suka shiga, Auta Direba na dogara sanda, Baba ya dubi ƙafar da ke naɗe ya ce, "Mai Makulli, ɗan matsa masa. Nan ne kaɗai zai iya miƙe ta." Mai Makulli ya matsa. Taku ɗaya ne, amma da aka ɗora kwabon farko, idon ya bar hannun Baba ya faɗa hannun Direba. Ya riƙe shi a juye, ya kanga a hancinsa, ya ce, "Kai! Wannan sarkin ai mura yake yi." Baba ya yi dariya har ta koma tari. Lokacin da idon ya iso ga Mai Makulli, akwai shatin babban yatsa a tsakiyar gilashin. Ya goge da gefen rigarsa.

Direba bai san shekara ba, bai san ƙarfe ba. Amma kowane tarkacen da ke gwangwaninsa da labarinsa. Wannan wata mai lemo ce ta ba shi canji a bakin iyaka, inda suka kwana uku saboda mai hatimi ya tafi biki da hatimin a aljihu. Wancan a cikin taya ya same shi. Ticha da ke ƙaryata kowa ya saki baki yana saurare, shayinsa ya huce. Mai Makulli ya gyara murya ya ce ai wannan na bakin iyakar an buga miliyan arba'in irinsa.

"To, to," in ji Baba, ba tare da ya juyo ba. "Sai me ya faru da mai hatimin?"

Asabar ta biyu ƙafar ta yi sauƙi, amma ba wanda ya ce a koma yadda ake. Ta uku Direba ya zo babu sanda, ya wuce kai tsaye ya zauna a daman Baba kamar gadonsa. Yana cewa, "Yaya, miƙo mini sukari," Mai Makulli na miƙawa. A hanyar gida Direba na ta zuba, shi kuwa kamar ya haɗiyi garwashi.

A Asabar ta huɗu Baba ya ajiye kofinsa ya ce, "Likita ya ce yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma yana hanya. 'Yata ta matsa in koma wurinta. Ƙarshen wata zan tafi." Ya taɓa igiyar takalmin da ke wuyansa. "Wannan ba zai bi ni ba. Me makaho zai yi da shi? A hannun ɗayanku zan bar shi."

Mai Makulli ya ji bugun zuciyarsa ya fi na agogunan ƙarfi. Wanda ya riƙe ido shi ne mai fara dubawa, shi ne mai yanke musu. Shekara shida yana hango wannan ranar.

Sai Baba ya buɗe jakarsa. Yana da wata ɗabi'a: lokaci-lokaci yakan ba mutum aron kwabo ɗaya ya kwana bakwai a gidansa, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Mai Makulli sai da ya shekara biyu kafin a ba shi na farko. Baba ya warware wata 'yar takarda, sai ga kwabon jirgi. Jan ƙarfe ne, mai hoton jirgin ruwa da filafilai uku, rigarsa ta yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, da ɗan kore-kore a cikin haruffan. Sau uku Mai Makulli yana roƙon aronsa, sau uku Baba na cewa ba yanzu ba.

"Direba, kai ne matafiyi," in ji Baba. "Tafi da wannan. Ka gaya mana inda jirgin nan ya dosa."

Ranar Laraba da hantsi Mai Makulli na tsaye a gaban injinsa, garin tagulla na zuba a kan takalminsa, sai ga Direba da hankici a dunƙule.

"Yaya, sannu da aiki. Kana da man nan da kake goge kwaɗo da shi?"

"Na me?"

Direba ya warware hankicin a kan kanta. "Dubi yadda ya yi daƙiƙi. Tsohon nan ba ya gani, shi ya sa bai lura ba. Ni kuwa a sana'armu, in aka ba ka aron mota, ba ka mayar da ita da laka. Sai ka wanke ta har ƙarƙashi. So nake in kai masa abinsa yana ɗaukar ido."

Maganar tana bakin Mai Makulli, a shirye, kalma uku ce: kar ka goge. Ya ji ta a kan harshensa. Ya dubi jirgin da bai taɓa kwana a gidansa ba, ya dubi manyan yatsun da suka kama shi ta fuska. Ya tuna dariyar Baba. Sai ya danna injin, ƙara ta cika shagon, ya yanke makullin da ya riga ya gama yankewa. Da ya kashe, ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da gwangwanin man.

"Ba matsala dai ko, Yaya? Kai ne masani."

"Kai aka ba wa," in ji Mai Makulli. "Ga tsumma."

Direba ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafa, yana 'yar waƙa yana dirza. Tsumman ya yi baƙi, ya juya ɗaya gefen. Wata mata ta zo yankan makullin ɗaki, Mai Makulli ya yanka mata ba daidai ba, ya sake. Rabin awa aka yi. Da Direba ya ɗaga kwabon a rana, jirgin ya fito jajir kamar gwiwar da aka ɗaye, fuskar duk siraran zane.

"Ka gani? Kamar yau aka buga shi!"

"Kamar yau," in ji Mai Makulli.

Da yamma matarsa ta ƙara masa nama a kwano. "Auta ya ce ka taimaka masa. Allah ya bar zumunci, Baban yara. Da ina cewa ba ka son sa." Ya tauna, ya tauna, abin ya ƙi wucewa. Amma a ƙasan wannan akwai wani abu mai daɗi da ya ƙi mutuwa: ranar Asabar kowa zai ga bambancin mai labari da mai sani.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Ya zauna a wurinsa na biyu, ya harɗe hannu. Aka zuba shayi. Direba ya miƙe tsaye, abin da ba a yi, ya ce, "Baba, kafin labarin jirgi, ga wata 'yar tsaraba." Ya warware hankicin a kan koren ƙyalle.

Cokalin Mai Agogo ya tsaya a cikin kofi. Ticha ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Wa ya feɗe shi?" in ji Ticha.

Baba ya laluba ya ɗauki kwabon ta gefe. Bai sa ido ba. Ya shafa shi da babban yatsa, ya kai shi hanci, ya daɗe yana shinshinawa. Murmushin Direba ya fara zamewa.

"Na yi wani abu ne?"

"Shekara ɗari da ashirin ka goge da tsumma, ɗan nan," in ji Ticha. "Wannan duhun ba dauɗa ba ce. Shi ne kwabon. Yanzu ko murfin kwalba ya fi shi."

Direba ya zauna a hankali, kamar ƙafar ta sake karyewa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Baba ya ce, "Ba wanda ya gan ka ya hana ka?"

Direba ya juyo ya dubi mijin yayarsa. Kallo ɗaya, ba tsawo. Mai Makulli ya kafa wa wani agogon bango ido, wanda ya tsaya a tara saura.

"Ba kowa, Baba. Ni kaɗai na yi haukata."

Mai Makulli ya jira faɗan. Ya ma tanadi fuskar da zai yi in an fara. Sai ya ji kafaɗar Baba na rawa. Dariya ce, marar sauti, ta taso tun daga ciki. Tsohon ya cusa hannu a aljihun wandonsa ya fito da wani abu ya jefa a kan ƙyalle. Farin kwabo ne, sumul, hoton da ke kansa ya kusa shafewa.

"Toka da lemon tsami," in ji Baba. "Ina da shekara ashirin da biyu. Na maigidana ne a gidan waya. Wata guda bai amsa gaisuwata ba."

Mai Agogo ya ja aljihun tebur, ya tono nasa daga ƙarƙashin ƙananan sukurori. "Ni da burushin injin na bi shi. Har ina alfahari."

Ticha ya yi tsaki, ya yi kamar ba zai yi ba, sannan ya buɗe walat ɗinsa. "Man goge haƙori. Kar wanda ya yi dariya. Matata ce ta ba ni shawara."

"Ƙarya kake, lokacin ko budurwa ba ka da ita!" in ji Mai Agogo.

Ɗakin ya kece. Kwabbai huɗu a jere a kan ƙyalle, duk tsirara, duk suna ƙyalli, masu su na nuna wa juna zane suna bugun cinya. Direba na dariya yana share ido. Mai Makulli ya sha ganin Baba na juya wani abu a aljihu in yana tunani. Shekara shida yana zaton maɓalli ne.

"Ba ku taɓa nuna mini ba," ya ce.

"Me za mu nuna maka?" in ji Mai Agogo. "Kai da ka zo da littafi a hammata? Wannan sai wanda ya ƙona hannunsa."

Baba ya tura kwabon jirgin gaban Direba. "Sa a aljihu. Naka ne. Yanzu ba shi da amfani a wurin kowa sai kai. Duk ranar da hannunka ya yi ƙaiƙayi, ka taɓa shi."

Aka ci gaba da zama. Ido ya zagaya, ya zo hannun Mai Makulli da ɗumin hannun Direba a jikinsa. Ya duba abin da aka ɗora, bai ga komai ba.

Da aka tashi, ya ɗauki jakar Baba kamar kullum. Rana ta yi sanyi, masu shaguna na ta jan ƙofofi. Suka bi gefen kwata a hankali, Baba na dafe da kafaɗarsa. Sai da suka kai inda ake jiran mota tsohon ya yi magana.

"Idona ne ya tafi. Hancina na nan."

Mai Makulli ya gyara riƙon jakar.

"Shekara shida kana zaune a damana. Warin man nan a hannun rigarka yake kowace Asabar. Yau na ji shi a jikin jirgina."

"Shi ya zo ya tambaya, Baba."

"Na sani. Kai kuma ka ba shi."

Wata mota ta tsaya, ba tasu ba ce, ta wuce.

"Yaron nan baƙo ne," in ji Baba. "Ƙafarsa ta warke, jibi zai koma hanya. Ko ta inda ake duba gilashin bai sani ba. Kana ganin shi zan bar wa? Dariya kawai yake ba ni, ni kuma kwanakin dariyata a ɗakin nan sun kusa ƙarewa." Ya karɓi jakarsa. "Kai na riƙe a raina tun bara. Amma mai riƙe ido, in ya ga mutum zai yi ɓarna, hannunsa yake kamawa. Mu duk da rashin sani muka ɓata namu. Kai da sani ka ɓata nawa."

Motarsa ta zo. Bai jira a taimaka masa hawa ba.

Ranar Litinin Mai Makulli ya buɗe shago da wuri. Ya zo da kwabonsa mafi kyau, wata azurfa mai hoton tsuntsu da rigarta ta yi shuɗi-shuɗi. Ya ɗora ta a kan kanta, ya buɗe gwangwanin man, ya dangwala tsumma. Minti biyar ya isa, shi ma ya samu abin jefawa a kan ƙyalle. Ya tsaya da tsumman a sama har man ya fara bushewa. Wa zai nuna wa? Me zai ce ya faru? Ya rufe gwangwanin.

Da hantsi Direba ya leƙo da jakar tafiya a kafaɗa. Ya ajiye makullin mota a kan kanta ya ce a yanka masa na biyu. Injin ya yi ƙararsa ya gama. Direba ya gwada sabon a kan tsohon, ya hura garin da ke kai.

"Ban gaya wa Yayata ba," ya ce. "Ba kuma zan gaya mata ba. Sai na dawo."

Bai ce masa Yaya ba. Hannunsa na hagu na cikin aljihu, yana juya wani abu.

Ƙarshen wata 'yar Baba ta zo da mota ta tafi da shi. Asabar ɗin da ta biyo, Mai Agogo ya sauke ƙofa zuwa rabi, ya shimfiɗa ƙyalle, ya zaro igiyar takalmi daga cikin rigarsa, idon na reto a jikinta. Su uku ne. Benci ya yi fili, Mai Makulli ya zauna a tsohon wurinsa, a daman kujerar da ba kowa a kai. Mai Agogo ya duba kwabon farko, ya yi ɗan jim, ya miƙa wa Ticha.

Mai Makulli ya sa hannu a aljihu yana jiran idon ya iso kansa. Makullai ne kawai a ciki.